Agola a Gidan Sadaukai: Nazari a Kan Ƙananan Taurarin Katun da Suka Ƙaura Zuwa Littattafan Zane na Amurka

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a duba wani ɗan lungu na adabin Amurka wanda manazarta ba su cika leƙawa ba, watau labaran sadaukai masu baiwa da ake bugawa cikin littattafan zane. Irin waɗannan littattafai ƙanana ne, akan fitar da su wata-wata, labarin kuma yana tafiya ne cikin hotuna da aka jera gida-gida, maganar kowane tauraro an rubuta ta cikin da'ira kusa da bakinsa. Kamfanoni biyu ne suka mamaye wannan fage. Akwai DC, mai Superman wanda ya fito a 1938 da Batman wanda ya biyo baya a 1939, sa'an nan akwai Marvel, mai Fantastic Four na 1961 da Spider-Man na 1962 da X-Men na 1963.

Abin da aka saba shi ne tauraro ya yi suna a littafi, daga nan masu talabijin su are shi su yi katun da shi domin yara. Amma akwai wasu 'yan tsiraru da suka bi hanyar a baibai: a katun aka haife su, daga baya suka ƙaura zuwa littafi. Su ne na kira agololi, domin sun shigo gidan da ke da 'ya'yansa na asali, ga kuma dangi masu ƙidaya tsatson kowa. Abin da nake son nunawa shi ne, kusan duk agolan da ya shigo wannan gida sai an sa shi ya biya kuɗin shiga, kuɗin kuwa wahala ce: mutuwa, ko naƙasa, ko cuta, ko cin zarafi. Aikin mai nazari shi ne ya rarrabe inda wahalar ta tsiro daga halin tauraron kansa, da inda marubuci ne kawai yake huce kunyar an haɗa shi da kayan yara.

Yadda Aka Haife Su

Ya kamata mu fara sanin cewa galibin waɗannan taurari larura ce ta haife su. Wajen ƙarshen shekarun 1960 iyaye a Amurka sun taso wa gidajen talabijin a kan yawan faɗa cikin katun ɗin safiyar Asabar, har aka kafa ƙungiyar Action for Children's Television a 1968. Saboda haka da kamfanin Hanna-Barbera ya fito da shirin Super Friends a tashar ABC cikin 1973, sai ya zamana an tara Superman da Batman da Wonder Woman da Aquaman wuri guda amma ba su da izinin naushin kowa. To, me za a cika lokaci da shi? Sai aka ɗauko dabarar da kamfanin ya riga ya ci riba da ita a shirin Scooby-Doo na 1969, watau samari da kare. Aka ƙago Wendy da Marvin, yarinya da yaro marasa wata baiwa, da karensu Wonder Dog. A 1977 aka sauke su, aka kawo tagwaye Zan da Jayna daga wata duniya mai suna Exxor, tare da birinsu Gleek. Idan tagwayen suka haɗa hannu, Jayna takan rikiɗa ta zama kowace irin dabba, shi kuwa Zan ba ya iya zama komai sai ruwa, ko ƙanƙara, ko tururi. Sau da yawa a cikin bokiti ake ɗaukarsa.

A gefen Marvel larurar ta kwangila ce. A 1978 aka yi katun na Fantastic Four, amma ɗaya daga cikin huɗun, Human Torch mai kama da wuta, an riga an ba kamfanin Universal izinin yin fim da shi, don haka ba a iya sa shi ba. Aka maye gurbinsa da wani ɗan mutum-mutumi mai tashi sama, H.E.R.B.I.E., wanda Jack Kirby ya zana. An daɗe ana yaɗa cewa wai tsoro aka ji kada yara su cinna wa kansu wuta don kwaikwayo, amma wannan ƙanzon kurege ne, maganar ta kwangila ce. Shekara uku bayan haka matsalar ta sake tasowa a shirin Spider-Man and His Amazing Friends na 1981, inda ake son a haɗa Spider-Man da mai ƙanƙara da mai wuta. Mai ƙanƙara ya samu, watau Iceman. Mai wuta bai samu ba, sai aka ƙago yarinya mai suna Angelica Jones, wadda aka yi wa laƙabi Firestar.

Ke nan dukkansu 'yan toshe gurbi ne. Babu wanda aka tanadar wa makoma, domin kowane kashi na katun yana farawa ne ya ƙare cikin 'yan mintoci, mako mai zuwa kuma kowa ya dawo yadda yake kamar ba abin da ya faru.

Abin da Ake Rasawa da Abin da Ake Nema

Tauraron katun yana rayuwa ne da abu biyu, murya da motsi. Da ya hau takarda duka biyun sun tafi. Wannan ba baƙon al'amari ba ne ga waɗanda suka yi nazarin tatsuniya a cikinmu. Duk wanda ya ji tsohuwa tana kwaikwayon tsamin bakin Gizo da dare, sa'an nan ya karanta tatsuniyar nan a rubuce, ya san an bar rabin Gizo a bakin tsohuwa. Haka abin yake a nan. Dariyar da Gleek ke bayarwa tana cikin kukansa da tsalle-tsallensa. A takarda ya zama shuɗin biri kurum.

Bayan an raba baƙo da muryarsa, sai kuma littafi ya nemi abin da bai zo da shi ba, watau salsala. Littattafan kowane kamfani a sarƙe suke da juna, abin da ya faru a wannan yana shafar wancan, kuma masu karatu suna riƙe da tarihin shekaru aru-aru kamar maroƙan fada. Ba su karɓar mutum sai sun san ɗan wane ne. E. Nelson Bridwell, wanda ya rubuta littafin Super Friends daga 1976, ya fahimci wannan sarai. Sai ya nema wa Wendy dangantaka da Harvey Harris, wani mai binciken laifi da aka ce ya koyar da Batman yana yaro, ya kuma ce Marvin ɗan wata ma'aikaciyar jinya ce mai suna Diana Prince, wadda Wonder Woman ta ari sunanta. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta shigar da agola gida, a nemo masa kawu. Sai dai littafin Bridwell na yara ne, yana zaune a zaure, bai kai cikin gida ba. Cikin gidan kuwa yana canjawa. Daga shekarun 1980 littattafan suka bar teburin mai jarida suka koma shagunan musamman, masu saye suka zama manya, bayan fitowar The Dark Knight Returns da Watchmen a 1986 kuma sai duhu da zubar da jini suka zama alamar wai adabi ya balaga. Cikin wannan yanayi ne yawancin agololin suka iso.

Kuɗin Shiga

H.E.R.B.I.E. ne ya fara biya, tun kafin duhun ya kankama. Ya shiga littafin Fantastic Four a fitowa ta 209 cikin 1979, a hannun Marv Wolfman da John Byrne. Kafin shekara ta zagayo, a fitowa ta 217, an bayyana cewa wani mugu mai suna Doctor Sun ya shige jikinsa, ya juya ya yaƙi iyayen gidansa, a ƙarshe ya tarwatsa kansa. An shigo da shi ne kawai don a ga bayansa. Daga baya an sake ƙera irinsa, ya zama mai reno da aikace-aikacen gida, a wannan matsayi kuma ya zauna lafiya har ya fito a fim ɗin 2025.

Misalin da ya fi muni shi ne na Wendy da Marvin. A 2006 aka shigo da su littafin Teen Titans a matsayin tagwaye masu kaifin ƙwaƙwalwa da ke kula da na'urorin gidan. A fitowa ta 62 cikin 2008, wadda Sean McKeever ya rubuta, suka tsinci wani kare suka raɗa masa suna Wonder Dog. Mai karatu da ya tuna katun ɗin ƙuruciyarsa zai yi murmushi. Cikin 'yan shafuka karen ya rikiɗa ya zama dodo, ya kashe Marvin, ya yayyaga Wendy, wadda ta farfaɗo daga dogon suma ta tarar ƙafafunta sun shanye. A ganina wannan shi ne rauni mafi girma da marubuci zai iya nunawa. Mutuwar ba ta fito daga wani hali na Marvin ba, ba ta kuma koya mana komai game da shi ba. Duk ƙarfin wurin ya dogara ne ga tunawa da katun na 1973, watau an ari ƙaunar da mai karatu ke yi wa abin ƙuruciyarsa an mare shi da ita. Wanda bai taɓa ganin katun ɗin ba, kare kawai ya gani ya cinye yaro. Gaskiya ne daga baya Bryan Q. Miller ya ɗauki Wendy a littafin Batgirl ya ba ta aiki da suna Proxy, tana taimako daga kan kujerar guragu, kuma ya yi mata adalci gwargwado. Amma gyaran ɓarnar wani ya yi.

Al'amarin Firestar ya fi wuyar yanke hukunci, don haka zan ɗan daɗe a kansa. A katun yarinya ce mai fara'a, ɗaliba, tana haya a gidan gwaggon Spider-Man, ga 'yar karensu tana zagayawa. Ta shiga salsalar Marvel a Uncanny X-Men fitowa ta 193 cikin 1985, a hannun Chris Claremont, kuma a ɓangaren abokan gaba ta fito, cikin ɗaliban Emma Frost. A 1986 Tom DeFalco ya rubuta mata littafi mai fitowa huɗu ya ba ta asali: marainiya ce ta wajen uwa, kakarta da ta rene ta ta rasu, 'yan makaranta suna tsangwamarta, uban kuma ya tsorata da baiwarta ya miƙa ta ga Frost. Ita kuwa Frost ta raba ta da kowa, ta sa ta gaskata cewa ita ce ta kashe dokin da take ƙauna, duk don ta horar da ita ta zama mai kisa. Wannan kashi na yarda da shi. Yarinya mai neman wanda zai so ta, mai saurin amincewa da mutane, ita ce dai ta katun, an juyo mana bayan fara'arta ne kawai, kuma labarin ya ƙare da ita ta gane yaudarar ta kuɓuta da ƙarfinta.

Abin da ya biyo baya ne ke da ayar tambaya. Zafin da take fitarwa irin na tanderun lantarkin nan ne mai ɗumama abinci, sai marubuta suka ce ashe baiwar tana cin jikinta, tana iya hana ta haihuwa. Bayan ta shiga Avengers a 1998 aka ɗinka mata rigar kariya. A 2009, cikin littafin Marvel Divas, aka ce ta kamu da sankarar mama. To, Human Torch da ta gaji gurbinsa yana cin wuta tun 1961, ba mu ji an ce wutar ta taɓa masa haihuwa ba. Me ya sa sai jikin mace ne baiwa ke zame wa cuta? Ba ni ne farkon mai wannan tambaya ba. Tun 1999 marubuciya Gail Simone ta tattara sunayen matan littattafan zane da aka kashe ko aka naƙasa ko aka raba da baiwarsu, galibi don a motsa zuciyar wani namiji. Abin da zan ƙara shi ne agola mace tana biya sau biyu, na zama mace da na fitowa daga katun.

Inda Wahala Ta Yi Rana

Kada a ɗauka ina cewa duk duhu aibi ne. Akwai biyu da ƙaurarsu ta yi kyau ƙwarai, har suka daina zama ƙananan taurari, kuma dukkansu da wahala suka shiga.

Ta farko Harley Quinn, wadda ma a ɓangaren miyagu ta fara. Paul Dini da Bruce Timm ne suka ƙago ta a shirin Batman: The Animated Series, ta fito ranar 11 ga Satumba 1992 a matsayin 'yar koren Joker, da niyyar kashi ɗaya tak. Muryar Arleen Sorkin ce ta hana a sallame ta, murya mai zaƙi da shagwaɓa da karin harshen 'yan birni. Da aka zo sa ta a takarda sai tambaya ta taso: in an cire muryar me ya rage? Amsar tana cikin Mad Love na 1994, wanda mutanen biyun da suka ƙago ta suka yi da hannunsu. Suka ce sunanta Harleen Quinzel, likitar masu taɓin hankali ce a asibitin Arkham, Joker ya yaudare ta da labarin ƙarya na wahalar ƙuruciyarsa har ta kamu da sonsa. A ƙarshen littafin ya wurgo ta ta taga saboda ta kusa kashe Batman, abin da shi ya kasa. Tana kwance a karairaye tana rantsuwar ta rabu da shi, sai ta ga furen da ya aiko mata, nan take ta koma gidan jiya. A lura, babu abin da aka ƙaƙaba mata daga waje. Tun a katun ana ganin Joker yana hantararta tana dawowa, yara suna dariya. Littafin ya tsayar da dariyar ya tambayi me ke ƙarƙashinta. Ya ci lambar Eisner a shekarar, a 1999 kuma aka mai da shi katun, watau kaya ya koma inda ya fito da riba. A wannan shekara ta 1999 ta shiga salsalar DC sosai. Inda aka kauce shi ne a 2011, lokacin da aka tuɓe mata rigar wawan sarki aka bar ta kusan tsirara a littafin Suicide Squad. Wannan kuɗin shiga ne na biyu da ba ta ci bashinsa ba.

Ta biyu ita ce X-23, wadda Craig Kyle ya ƙago a shirin X-Men: Evolution cikin 2003. Yarinya ce da aka sarrafa a ɗakin bincike daga ƙwayar halittar Wolverine don ta zama makami. Tarihinta ya tabbatar da hujjata ta fuska biyu. Fitowarta ta farko a takarda, cikin NYX fitowa ta 3, wanda Joe Quesada ya rubuta, a matsayin ƙaramar karuwa aka nuna ta, da ƙyar take buɗe baki. Wannan tsohuwar al'ada ce ta wulaƙanta baƙo don a nuna nan gidan manya ne. Amma a 2005 Kyle da Christopher Yost suka karɓe ta suka rubuta Innocence Lost, kuma ko da yake ya fi NYX zubar da jini, ya fi shi mutunci nesa. An yi gwaji 22 bai yi ba, ita ce ta 23. Masaniyar da ta ɗauki cikinta, Sarah Kinney, an hana ta nuna mata ƙauna. An horar da yarinyar ta riƙa kisa da zarar ta shaƙi wani ƙamshi, a ƙarshe aka shafa wa uwar ƙamshin, 'yar ta kashe ta, tana cikawa ta raɗa mata suna Laura. Jigon nan, na yaron da manya suka mai da shi makami, yana nan tun a katun, dokar talabijin ce ta hana a bi shi har ƙarshe. A 2015 ta gaji sunan Wolverine kansa a littafin Tom Taylor, a 2017 kuma ta fito a fim ɗin Logan.

Abin lura a nan shi ne, a duka biyun wanda ya haifi tauraron ne ya rako shi cikin gida. Agolan da uwarsa ke kusa ba ya kwana da yunwa. Wendy da Marvin sun iso bayan shekara 33, a hannun waɗanda suka san su a matsayin abin ba'a.

Tagwaye da Waɗanda Aka Bari a Ƙofa

Zan da Jayna sun gwada shiga a 1995 cikin Extreme Justice fitowa ta 9, an mai da su bayi da suka gudo daga hannun azzalumi, an kumbura musu damatsa irin na yayin lokacin. Ba wanda ya kula. Sai a 2019 Mark Russell da mai zane Stephen Byrne suka yi musu littafi mai fitowa 12 wanda ya ɗauki wata hanya dabam. Ba su ɓoye cewa baiwar Zan abin dariya ba ce. Suka bar su 'yan makarantar sakandare, masu zaman gadi a hedkwatar manyan sadaukai, ana tura su kama ƙananan ɓarayin da ba wanda ya damu da su. Daga wannan ƙasƙantaccen matsayi ne Jayna take ganin abin da Superman ba ya gani daga sama: cewa waɗanda suke kamawa yawanci talauci ne ya tura su, kuma gidan yarin da ake kai su na 'yan kasuwa ne masu cin riba da gumin fursuna. Nauyin littafin ya fi na Teen Titans 62 ninkin-ba-ninkin, ba tare da an yayyaga kowa ba. Aibinsa shi ne wani lokaci wa'azin yakan fi labarin ƙarfi, musamman wajen ƙarshe.

Akwai kuma waɗanda ƙofar ba ta buɗe musu sosai ba. A 1977 Hanna-Barbera ya ƙara wa Super Friends wasu sadaukai don kada a ce duk farar fata ne: Apache Chief ɗan asalin ƙasar, da Samurai ɗan Japan, da Black Vulcan baƙar fata, a 1981 kuma aka ƙara El Dorado ɗan Meziko. Kowannensu ƙabilarsa ce sunansa, ita ce rigarsa, ita ce kuma iyakar halinsa. Shi Black Vulcan ma akwai ƙura a haihuwarsa, domin DC na da baƙin sadauki mai lantarki, Black Lightning, wanda ya fito daga alƙalamin Tony Isabella a wannan shekara ta 1977, kuma saɓani kan haƙƙin mai ƙagowa ne ya sa aka yi kwafinsa maimakon a sa shi. Waɗannan ba su da muryar da za a yi kewarta, ba su da wani ɓoyayyen hali da marubuci zai tono. Wanda ya so amfani da su sai ya sake su gaba ɗaya, kamar yadda Joe Kelly ya yi a 2002 da ya ɗauki siffar Apache Chief ya ƙera Manitou Raven a littafin JLA, ya ba shi sabon suna da mata da tarihi. Shi ma bai wuce shekara uku ba aka kashe shi.